Layin Firinta a Makarantar Baba Malam

Yayan mahaifina yana da makaranta a unguwarmu Aboabo, ta boko da Arabiyya a haɗe, ajujuwa a bayan gidansa da wani ɗaki da a da ake tara tabarmi a ciki. Kowa a unguwa Baba Malam yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ni kuwa Mma yake kirana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma tun ina ƙarama na gane amfanin wannan suna. Maganar da 'ya'yansa ba sa iya faɗa masa ko da wasa, ni sai in faɗa masa ido da ido, ya yi dariya ya ce uwa ba ta laifi.

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na sami aiki a wani ofis cikin gari, sai ya aiko a kira ni. Na tarar da shi tsaye a ƙofar ɗakin tabarmin nan, hannun damansa cikin aljihun riga, baki har kunne. A ciki kwamfutoci ne jibge, tsofaffi, wani tsohon ɗalibinsa mai sayar da kayan gwanjo a Kumasi ya aiko masa da su kyauta.

"Mma, ga aikinki," in ji shi. "Zamani ya zo, ba za a bar mu a baya ba."

Na kwance ta farko, na leƙa cikinta, ban ga faifan ajiya ba. Na kwance ta biyu, haka. Ofisoshin Turai suna cire faifan kafin su zubar da na'ura, don kada wani ya karanta sirrinsu, kuma kwamfutar da ba ta da faifai ba ta da inda za ta ɗauko abin da za ta tashi da shi. Guda ɗaya tak na samu da faifai a cikinta, wata ƙatuwa baƙa mai nauyin tsiya.

Na ce, "Baba, buhuna aka aiko maka, babu hatsi."

Ya ce, "To karatun da aka yi ta kai ki fa? Ki zuba musu."

Kafin in bar gidan, matarsa Hajiya ta ja ni madafa, ta ba ni ludayi wai in juya mata miya. Nan ta gaya mini abin da shi ba zai faɗa ba. Hannunsa na dama ya fara rawa. Ya daina shan koko a gaban mutane, ya daina rubutu a allo, shi ya sa kullum hannun yake cikin aljihu. Ga shi tun da ya buɗe makarantar, duk yaron da ya yi sauka, takardar shahadarsa da hannun Baba ake rubuta ta, da alƙalamin kara da tawada, ya miƙa masa ranar walima a gaban iyaye. Akwai gidaje a Aboabo da za ka ga ta uba da ta ɗa rataye a bango guda. Bana ya gwada a ɓoye, ya ɓata takardu masu yawa, ta tsince su a murhu.

"Zamani ɗin da yake faɗa, kar ki ji," in ji Hajiya. "Takardar shahada yake so. In walima ya zo bai ba yara takarda ba, mutumin nan zai kwanta ciwo. Kuma kar ki nuna kin sani, kuraa, ko alama."

Na koma gida raina a jagule, amma na ƙudurta cewa ko da tsiya ko da arziki sai buhunan nan sun yi aiki.

Dabarar ba sabuwa ba ce, an koya mana ita a makaranta, sai dai ban taɓa yi da hannuna ba. Baƙar nan mai faifai na mayar saba, wato uwar da sauran za su dogara da ita. Na ja waya daga kowace na'ura zuwa wani ƙaramin akwatin haɗa wayoyi, na bi bango da ƙusoshi, na shiga cikin kowacce na ce mata in an kunna ta kada ta nemi faifai, ta nemi waya. Asabar da Lahadi na yi ta yi, har wayoyin suka ci mini farce. Baba kuwa yana zaune a kan benci yana sa mini ido, yana tambaya kamar alƙali.

Da ya dame ni, na yi masa bayani da abin da ya sani. Kakansa fatauci ya kawo shi ƙasar nan daga Kano, kan hanyar goro, kuma Baba ba ya gajiya da labarin. Na ce masa kowace kwamfuta a nan baƙuwa ce da ta sauka zango ba ta da komai. Da ta buɗe ido sai ta yi sallama ta ce wa zai sauke ni. Saba ita ce mai masauki, ta amsa, ta ce ga ɗakinki, ga lambarsa, sannan ta aika mata da abin da za ta tashi ta yi aiki da shi. In an kashe ta da yamma ta mance komai, gobe ta sake sallama.

Ya ce, "Kullum sai ta sake roƙo?"

Na ce, "Kullum."

Ya ce, "To ta fi mutane da yawa sanin kanta."

Ranar gwaji na farko na sha kunya. Na kunna su duka, suka yi sallama, suka sami lamba, sannan suka tsaya cak da baƙar fuska. Na yi gumi har ɗankwalina ya jiƙe kafin in gano mai laifin. Ƙaramin akwatin intanet da aka saya wa ofishin makaranta shi ma yana raba lamba, kuma ya fi saba saurin baki. Shi yake riga amsa sallamar, ya ba baƙi ɗaki, amma ba shi da abin da zai ciyar da su. Da na gaya wa Baba, ya ce ai ya san irinsu, 'yan kamashon tasha ke nan, su karɓe maka kaya su kai ka inda babu mota. Na shiga cikin akwatin na hana shi raba lamba. Na sake kunnawa, sai ga fuskoki suna haske ɗaya bayan ɗaya. Baba ya miƙe tsaye yana kabbara, ni kuma na yi guɗa a ɗakin karatu, ban damu da wa ya ji ba.

Malamai ba su ba ni wahala ba wajen koyon tsarin. Doka ɗaya na kafa musu, cewa in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, saba ake fara kunnawa, a jira ta gama shiri, sannan sauran. Ban ma ƙarasa ba suka ce ai haka ya kamata, babba ke fara tashi.

Sai firinta. Guda ɗaya ce, ita ma ta gwanjo, na ajiye ta a kusurwa na haɗa ta da saba. Na shirya mata layi, yadda duk wanda ya aika aiki daga kowace kwamfuta, aikin zai je saba ya tsaya bayan wanda ya riga shi, ita kuma ta riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Na sa kowa yana iya buɗe layin ya ga aikin wa ke gaba da na wa ke baya. Na kuma nuna musu wani maɓalli na dakatarwa, saboda takarda tana da tsada, in mutum ya tuna da kuskure ya tsayar da nasa kafin ya fito.

A cikin malaman akwai wani dattijo Badagombe, ba Bahaushe ba, daga unguwar Kukuo, shi ke koyar da lissafi, kuma shi ya fi kowa daɗewa a makarantar. A kan keke yake zuwa da fartanya ɗaure a baya, don sai ya biya gonarsa da sassafe. Hausarsa irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Shi ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Madam, in ni na aika, Baba Malam ya aika bayana, na wa zai fito?"

Na ce, "Naka."

Ya girgiza kai, ya ce, "Injin nan ba shi da tarbiyya."

Aka fashe da dariya. Na ce abu ne mai sauƙi, zan iya sa aikin Baba ya riƙa tsallake kowa. Baba ya ƙi. Ya ce a sahun salla wanda ya riga zuwa shi ke gaba, ko da ɗan dako ne, saboda haka a bar layi yadda yake. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na tafi gida ina ganin na gama da zancen.

Shi Baba bayan la'asar nake koya masa, in malamai sun watse. Na manna haruffan Larabci a kan maɓallan, ya riƙa bugawa da yatsa ɗaya na hagu. In yatsan ya daɗe a kan harafi sai harafin ya yi ta maimaita kansa har ƙarshen layi, sai na shiga na kashe maimaitawar. Na kuma rage saurin linzami, abin da ake jan kibiya da shi a fuskar na'ura. Ban ce masa ga dalili ba, shi ma bai tambaya ba, sai dai ya ce yau na'urar ta yi hankali. Ni na tsara masa zayyanar gefe, na kwaikwayi irin wadda yake yi da jar tawada. Sunayen yaran kuwa shi ya buga su da kansa, kowane suna sai ya tsaya ya ba ni labarin uban yaron da kakansa, da wanda ya taɓa gudu daga aji ya ɓuya a kasuwar Aboabo. Da muka gama na ce mu buga yanzu. Ya ce a'a, magariba ta yi, gobe zai aika da kansa tunda ya iya.

Makon ya zo mini da aiki a ofis, ban leƙa ba. Ana saura 'yan kwanaki walima, an riga an yi hayar rumfa da kujeru, sai aka kira ni a waya wai firinta ta mutu. Na roƙi izini, na kwashi sukundireba da wayoyi, na tari yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ina ta ce wa mai tuƙin ya yi sauri kamar mai kai mace asibiti.

Na tarar da malamai suna rubuta tambayoyin jarrabawa a allo da alli, kamar ba a taɓa kawo kwamfuta gidan ba. Firinta kuwa tana kusurwarta, koriyar fitila a kunne, takarda cike, ba abin da ya same ta. Na zauna na buɗe layi. Ya yi tsawo har sai da na gangara ƙasa. A can sama aikin Baba ne, an dakatar da shi. Na ƙasansa an dakatar, na ƙasan wannan ma haka, har ƙarshe. Na ɗauka saba ce ta haukace. Na kai linzami kan na biyu zan sake shi, sai malamin Kukuo ya yi wuf ya dafe tebur.

"Madam, kar ka yi. Na Baba yana gaba."

Na ce, "Ai shi ya tsayar da nasa. Na'ura za ta tsallake shi ta buga naku, ba abin da zai ɓaci."

"Mun sani. Rana na farko ya tsallake. Malama na aji biyu ya aika, takarda ya fito, na Baba yana tsaye a sama kowa yana gani. Kunya paa, kunya sosai! Malama har ya yi kuka. Daga nan kowa in ya aika sai ya danna dakata."

"To me ya sa kuka ce mini ta mutu?"

Ya buɗe hannuwa. "Me za mu ce? Mu ce Baba ya tare hanya?"

Dariya ta zo mini, haushi ma ya zo, ban san wanne zan fara ba. Na yi karatu a kan wayar da ta tsinke da na'urar da ta ƙone, amma ba malamin da ya taɓa gaya mini kunya tana iya tsayar da firinta mako guda.

Na fita na sami Baba a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya sa ka tsayar da shahada?"

Ya ce, "Na ga malamai suna da jarrabawa. Ta yara ce, ta fi gaggawa. Su fara."

Na koma na gaya musu. Malamin Kukuo ya ce ko kusa, Baba ne gaba. Na dawo zaure, Baba ya ce ya yafe musu, su wuce. Na koma, suka ce sun gode, Allah ya ƙara girma, amma ba za su wuce ba. Haka na yi ta safa da marwa a tsakar gida, irin yadda dattawa biyu ke tsayawa a ƙofar masallaci kowa na cewa bismilla, jama'a na baya rana na dukansu. Hajiya tana bakin madafa tana tsince shinkafa, duk wucewar da zan yi sai ta ce mini sannu da aiki, 'yar aike.

A zuwa na ƙarshe ban durƙusa ba, na zauna kusa da shi a kan buzu. Na ce, "Baba, ni ce fa. Ba jarrabawa ba ce."

Ya mai da kallonsa titi, inda babura ke ta wucewa. Sannan ya ce, a hankali, "Mma, muddin tana cikin layin nan, ban daina rubutu ba, jinkiri kawai na yi. Ran da ta fito daga bakin injin, shi ke nan, kowa ya san Malam ya ajiye alƙalami."

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya koya wa rabin unguwa riƙon alƙalami ne yake ɓuya a bayan maɓalli. Amma na san in na yi masa kuka, nan za mu zauna har ranar walima. Sai na ɗaure fuska, na yi masa magana da sunan da ya ba ni.

Na ce, "Kai ka koya musu yaro ba ya fara cin tuwo kafin babba. Yanzu ka zo ka zauna gaban akushi ka naɗe hannu, ka ce su ci. Ba za su ci ba, kuma ka san ba za su ci ba. Yara suna can suna kwafar jarrabawa daga allo, iyaye sun ɗinka sababbin kaya. Tashi."

Ya dube ni, ya ce, "Haka mai sunanki take yi mini magana, Allah ya jiƙanta." Ya lalubi takalmansa.

Da ya shiga ɗakin, malamai duka suka miƙe. Na yi niyyar in ce su ba mu wuri, ya ce a bar su. Ya zauna gaban kwamfuta. Na zaci da hagu zai kama linzamin yadda ya saba, sai na ga ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗora a kai. Hannun yana rawa, kibiyar da ke fuskar na'urar ita ma tana rawa, ta wuce maɓallin ta dawo, ta sake wucewa. Ba wanda ya matsa, ba wanda ya ce kawo in taimaka. Ni kaina sai da na riƙe hannuwana a baya. Can ya dace, ya danna.

Firinta ta yi gyaran murya, ta ja takarda. Kafin ta farko ta gama fitowa, malamai sun watse zuwa kwamfutocinsu, kowa na sakin nasa. Ashe a cikin makon nan duk wanda ya gyara waƙafi ɗaya sai ya sake aikawa ya sake dakatarwa, ba wanda ya goge tsohon. Bayan shahada sai ga jarrabawar lissafi, ga ta kuma, ga ta kuma. Ina ihu ina cewa ku tsaya in goge, malamar aji biyu tana tsince takardu a ƙasa tana dariya har da hawaye, Hajiya ta leƙo da faranti a hannu tana tambaya ko matacciyar ce ta tashi. Ba a daina ba sai da takarda ta ƙare.

Baba bai kula da hayaniyar ba. Ya tattara shahadunsa a cinya, suna da ɗumi, yana duba su ɗaya ɗaya, yana karanta kowane suna da leɓɓansa. A ƙasan kowacce na bar fili inda shugaban makaranta zai rattaba hannu. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce akwai tsohuwar shahadata a ɗakin mahaifiyata, zan iya ɗaukar hoton rubutunsa na wancan lokaci in ɗora a kan duka, ba wanda zai gane.

Ya ce, "Wancan hannun ba shi ya koyar da waɗannan yara ba. Ba ni biro."

Malamin Kukuo ya zaro nasa daga aljihun gaba ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya share gefen tebur, ya shimfiɗa takardar farko, ya danne gefunanta da tafukansa don kada ta motsa, ya mai da fuskarsa wajen taga kamar akwai abin kallo a can. Baba ya rubuta sunansa. Ya ɗauki lokaci, kuma rubutun ya fito a karkace, wani harafi ya hau wani, wutsiyar na ƙarshe ta zarce har cikin zayyana. Ni kuma idona ya cika.

Ya ɗaga takardar ya nisanta ta da fuskarsa, ya dube ta da kyau.

"Wannan dai nawa ne," in ji shi. "Malam, miƙo ta gaba."